NAZARI: Gado, Ƙabila Da Ciwon Idon Tsufa: Abin Da Binciken Turai Bai Faɗa Wa Zamfara Ba

A shekarar 2014 mujallar kimiyyar lafiya ta Lancet Global Health ta wallafa wani ƙiyasi da har yau likitocin ido ke kafa hujja da shi: mutum miliyan 196 ne za su kasance da ciwon lalacewar tsakiyar gani na tsufa a faɗin duniya a shekarar 2020, kuma adadin zai kai miliyan 288 a 2040. Ƙiyasin ya kuma rarraba masu ciwon bisa asalinsu. A tsakanin masu shekara 45 zuwa 85, ya nuna ciwon na jikin kashi 12.3 cikin 100 na masu asalin Turai, kashi 7.5 na masu asalin Afirka, da kashi 7.4 na masu asalin Asiya.

Daga irin waɗannan alƙaluma aka samo maganar da ta zama kamar karatun farko ga ɗaliban aikin likita, wato cewa wannan ciwo na Turawa ne. Maganar tana da tushe. Sai dai idan aka ɗauke ta kacokan aka ɗora a kan tsofaffin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, za ta iya jawo kuskure iri biyu. Na farko shi ne a daina duba bayan idon tsoho baki ɗaya, tunda an ce ba ciwonmu ba ne. Na biyu kuma shi ne a ruɗu da sabbin gwaje-gwajen gado masu tsada, a mance da cututtukan da suka fi makantar da mutane a nan, alhali ɗaya daga cikinsu ma gadonsa ake yi. Duka biyun batutuwa ne na kasafin kuɗi da fifikon gwamnati, don haka batutuwa ne na siyasa.

Yadda ciwon yake

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, wanda likitoci ke kira retina. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri da faɗinsa bai wuce milimita biyar da rabi ba, sunansa makula. Da shi mutum ke karatu, da shi yake gane fuskar wanda ke tahowa, da shi tela ke zura zare a allura, da shi ɗan kasuwa ke bambanta takardar naira ɗari biyar da ta dubu. Idan shekaru suka ja, wasu ɗigo-ɗigo masu launin rawaya kan taru a ƙarƙashin wannan wuri. A jikin mafi yawan mutane abin kan tsaya nan, ba tare da ya taɓa gani sosai ba. A jikin wasu kuwa yakan ci gaba ta ɗayan hanyoyi biyu.

Akwai busasshen nau'i, inda ƙwayoyin makula ke mutuwa a hankali cikin shekaru. Akwai kuma nau'i mai tsiyaya, inda wasu raunanan jijiyoyin jini ke tsirowa a inda bai kamata ba, su riƙa zubar da ruwa da jini. Wannan na biyun yana iya lalata tsakiyar gani cikin makonni. Alamarsa ta farko ita ce miƙaƙƙen layi ya koma a karkace: dogaran ƙofa ko layin rubutu su zama kamar an lanƙwasa su, ko wani duhu ya tsaya a tsakiyar duk abin da aka kalla. Gefen gani yakan saura, shi ya sa mai ciwon kan iya zagaya gida ba tare da ɗan jagora ba, amma ya kasa gane jikansa sai ta murya.

Daga waje idon lafiya lau yake. Babu farin da ake gani a idon mai yana, babu ja, babu kwantsa. Sai an ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido an leƙa ciki da na'ura ake ganin abin da ke faruwa.

Abin da aka gano a ƙwayoyin gado

A watan Maris na 2005 rukunin masu bincike uku a Amurka suka wallafa sakamako iri ɗaya a mujallar Science: wani ɗan sauyi a cikin ƙwayar gado mai suna CFH, da ke kan kuromozom na 1, yana ƙara haɗarin kamuwa da ciwon makula. Ɗaya daga cikin binciken ya kwatanta masu ciwo 96 ne kawai da masu lafiya 50, amma ya shiga tarihi a matsayin ɗaya daga cikin nasarorin farko na dabarar bincika ƙwayoyin gadon mutum baki ɗaya. Aikin CFH shi ne taka wa wani sashe na garkuwar jiki birki, don kada ya afka wa jikin da yake karewa. Idan birkin ya yi rauni, kumburi na dogon lokaci kan cinye makula. Ba da jimawa ba aka gano wuri na biyu mai ƙarfin tasiri a kan kuromozom na 10, inda ƙwayoyin ARMS2 da HTRA1 suke.

A 2016 wata gamayyar masu bincike ta ƙasa da ƙasa ta wallafa aikin da ya haɗa masu ciwo sama da dubu 16 da masu lafiya kusan dubu 18, ta lissafa sauye-sauye 52 a wurare 34 na ƙwayoyin gado. Wannan ilimi bai tsaya a takarda ba. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da magunguna biyu na farko ga busasshen nau'in da ya yi nisa, kuma dukansu wancan sashe na garkuwar jiki suke dannewa. Abin lura a nan shi ne, kusan duk mutanen da aka gina babban sakamakon 2016 a kansu masu asalin Turai ne.

Gado kuma ba shi kaɗai ke aiki ba. Shekaru su ne kan gaba. Bayansu sai shan taba sigari, wanda ke ninka haɗarin sau biyu zuwa uku, kuma shi ne babban abin da mutum ke da ikon dainawa.

Inda lissafin ya rikice

Wani bincike da aka yi a Amurka kan mutane sama da dubu shida masu shekara 45 zuwa 85, wanda aka wallafa sakamakon idonsa a 2006, ya sami ciwon a jikin kashi 5.4 cikin 100 na farar fata, kashi 4.6 na masu asalin Sin, kashi 4.2 na masu asalin Latin Amurka, da kashi 2.4 na baƙar fata. Binciken da aka yi a Baltimo ta Amurka da tsibirin Barbados tun ƙarshen shekarun 1980 shi ma ya nuna nau'in da ke makantarwa ba shi da yawa a tsakanin baƙar fata.

Hankali zai ba da cewa ke nan sauyin nan na CFH ya yi ƙaranci a jikin masu asalin Afirka. Amma ba haka aka samu ba. Wani nazari na 2006 ya tarar da yawansa kusan ɗaya ne a tsakanin farar fata da baƙar fatar Amurka da Somaliyawa, wajen kashi 34 zuwa 35 cikin 100, alhali a tsakanin Japanawa kashi 7 ne kacal. Wato masu asalin Afirka suna ɗauke da abin da aka ce shi ne babban haɗari daidai da Turawa, amma ciwon bai kama su daidai da Turawa ba.

Masana sun kawo bayanai daban-daban. Akwai masu ganin yawan sinadarin launi a bayan ido yana ba da kariya daga lahanin haske. Akwai kuma wani gibi a ƙwayoyin gado biyu da ke maƙwabtaka da CFH, wanda aka gano a 2006 cewa yana rage haɗarin, kuma ya fi yawa a tsakanin mutanen Afirka kudu da Sahara, har da samfuran da aka ɗauka a Najeriya. Darasin da ke ciki a fili yake: ma'aunin haɗarin da aka ƙera da jinin mutanen Turai ba ya auna ɗan Afirka daidai. Ko a Amurka ma, ƙungiyar likitocin ido ta ƙasar ta ba da shawarar kada a riƙa yi wa jama'a gwajin gado na wannan ciwo a matsayin aikin yau da kullum, domin sakamakonsa ba ya sauya maganin da za a ba mara lafiya.

Sannan inda aka leƙa bayan idon 'yan Afirka da kyamara a cikin Afirka, an ga abin da ba a zata ba. A Nakuru ta ƙasar Kenya, binciken da aka wallafa a 2013 kan masu shekara 50 zuwa sama ya sami matakin farko na ciwon a jikin kashi 11.2 cikin 100, matakin ƙarshe kuma kashi 1.2. Wannan ba adadin da za a kira babu ba ne.

Baƙar fata ba ƙabila ɗaya ba ce

Yawancin abin da littattafai ke kira bayanan baƙar fata daga Amurka da tsibiran Karibiyan aka tattaro shi, daga jikokin mutanen da aka kwashe daga sassa daban-daban na nahiyar, waɗanda kuma suka cuɗanya da wasu al'ummomi tsawon ƙarni huɗu. Afirka kuwa ita ce nahiyar da ta fi kowace bambancin ƙwayoyin gado a tsakanin mutanenta. A 2020 masu bincike na shirin H3Africa suka wallafa nazarin mutum 426 daga al'ummomi 50 a ƙasashe 13, suka tarar da sauye-sauye sama da miliyan uku da ba a taɓa rubutawa ba. Duk da haka, wani lissafi na 2016 ya nuna kusan kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka yi irin wannan bincike a kansu a duniya masu asalin Turai ne, masu asalin Afirka kuma wajen kashi 3.

Ko a cikin wannan ɗan kason, Arewa ba ta sami gurbi a manyan rumbunan farko ba. Shirin HapMap da Yarabawan Ibadan ya wakilci Afirka a matakinsa na farko. Shirin da ya biyo baya na karanta ƙwayoyin gadon mutum dubu ya ɗauki al'ummomi biyu daga Najeriya, Yarabawa da Esan na Jihar Edo. Babu Hausawa, babu Fulani, babu Kanuri.

Cewa al'ummomin Afirka ta Yamma sun bambanta a wasu fannonin gado abu ne sananne. A 1996 wani bincike a Burkina Faso ya nuna Fulani ba sa kamuwa da zazzaɓin cizon sauro kamar maƙwabtansu Mosi da Rimaiɓe, duk da suna zaune wuri ɗaya, sauro ɗaya ke cizonsu. A cikin Najeriya ma, binciken makanta na ƙasa ya nuna hawan jinin ido ya fi yawa a tsakanin Ibo fiye da matsakaicin ƙasa.

A Zamfara wannan magana tana buƙatar taka-tsantsan na musamman. Jiha ce da rikicin fiye da shekara goma ya sa kalmomin Bahaushe da Bafulatani suka ɗauki nauyin da ba su da shi a da. Kimiyyar gado ba ta goyon bayan mai neman raba su gida biyu. Sunan ƙabila harshe ne da sana'a da tarihi, kuma ɗaruruwan shekarun auratayya a ƙasar Zamfara da Katsinar Gusau da 'Yandoto sun sa mutum ɗaya kan haɗa kakanni daga ɓangarori da dama. Bambancin da masu bincike ke magana a kai na matsakaicin yawa ne a cikin dubban mutane, ba hukunci a kan mutum ɗaya ba. Ga likitan da ke zaune da tsohuwa daga Kwatarkwashi, tambayar ko wani a gidansu ya makance ta fi tambayar ƙabilarta amfani nesa ba kusa ba.

Abin da ke makantar da mutane a nan

Babban ma'aunin da Najeriya ke da shi har yanzu shi ne binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007, wanda ya duba mutum 13,599 masu shekara 40 zuwa sama. Ya sami makanta a jikin kashi 4.2 cikin 100, abin da aka ƙiyasta ya kai mutum miliyan 1.13. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido kuma kashi 16.7. Kashi 84 cikin 100 na dukkan makantar abin da za a iya hanawa ne ko a warkar. Shiyyar Arewa maso Yamma, inda Zamfara take, ita ce ta fi kowace yawan makafi, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na jimillar ƙasar. Ciwon makula ya fito a jerin, amma da kaso ƙarami ƙwarai idan aka kwatanta da waɗannan biyun.

Binciken ya kuma bankaɗo wani abu mai nauyi: a cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, sama da kashi 40 cikin 100 masu maganin gargajiya ne suka yi, ta hanyar tura yanar zuwa cikin ido da tsinke, kuma mafi yawan waɗannan idanu sun ƙare a makance. Ga kuma amodari, ciwon da kan juyar da gashin ido ciki ya riƙa gogar ƙwayar, wanda ya daɗe yana addabar jihohin Arewa maso Yamma, kuma yana cikin cututtukan da ƙungiyar Sightsavers ta shafe shekaru tana aiki da gwamnatin Zamfara a kansu.

Idan ana maganar gado da asali a ciwon ido a wannan yanki, hawan jinin ido ne ya kamata ya zo a farko. A nan lissafin ya juya: masu asalin Afirka ne suka fi kamuwa, yana kama su da wuri, kuma ya fi saurin makantar da su. A Barbados an same shi a jikin kashi 7 cikin 100 na baƙar fata masu shekara 40 zuwa sama. A Najeriya kashi 5 ne, ɗaya cikin biyar na masu shi ya riga ya makance, kuma waɗanda suka san suna da shi kafin a duba su ba su kai kashi 6 cikin 100 ba. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ke da shi, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane sau da dama. Ganin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. A 2019 wata gamayyar masu bincike da ta haɗa da likitocin Najeriya ta gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna APBB2 da ke da alaƙa da ciwon, wanda kusan a jikin masu asalin Afirka kaɗai ake samunsa. Da an tsaya ga jinin Turawa, da ba a gan shi ba.

Akwai kuma sikila, wadda kowa ya san gadonta ake yi, amma kaɗan ne suka san tana toshe jijiyoyin bayan ido har ta kai ga zubar jini a ciki. Ga ciwon suga da ke ƙaruwa a birane, wanda shi ma retina yake ci.

Sai dai ƙarancin kason ciwon makula a binciken ƙasa yana da bayanin da ya wuce gado. Ciwo ne na masu shekara 60 da 70 zuwa sama, a ƙasar da masu shekara 60 ba su fi wajen kashi 5 cikin 100 na jama'a ba. Sannan yana tana rufe hanyar leƙa bayan ido, kuma ƙa'idar irin wannan bincike ita ce a rubuta sababin da ya fi sauƙin magani. Duk lokacin da aka ƙara yawan aikin yana, cututtukan da ke ɓoye a bayanta za su ƙara bayyana.

Tazarar da ke tsakanin ƙauye da na'ura

A ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Gusau na da mutum sama da dubu 380, Tsafe sama da dubu 260, Bunguɗu sama da dubu 250. Yau sun haura hakan sosai. Manyan asibitocin da mutanen ukun ke dogara da su suna cikin Gusau: Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Idan ciwo ya fi ƙarfin nan, sai a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko Kano inda Asibitin Ido na ECWA da na Makka suke. Likitocin ido a duk Najeriya ba su kai dubu ɗaya ba, ƙwararru kan bayan ido kuwa 'yan kaɗan ne daga cikinsu, kuma galibi suna manyan birane.

Maganin nau'i mai tsiyaya allura ce da ake yi a cikin ƙwayar ido, kusan kowane wata a farko, a ci gaba da bibiya tsawon shekaru. Maganin Lucentis da aka amince da shi a Amurka a 2006 ya fito a kan kusan dala dubu biyu kowace allura. A 2011 wani babban gwaji ya tabbatar da cewa Avastin, wanda allurarsa ba ta wuce kimanin dala 50 ba, yana ba da sakamakon gani daidai da shi, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin muhimman magunguna. Ke nan farashin maganin kansa ba shi ne babban shinge ba. Shingen shi ne hanya.

Tsafe tana kan titin Gusau zuwa Funtuwa, wanda ke kai wa Zariya da Kaduna da Kano, kuma matafiya sun san irin fargabar da ake bin sa da ita. A watan Afrilun 2022 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata na Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Tsafe, makarantar da ke yaye ma'aikatan da ake sa ran su riƙe ƙananan asibitocin karkara. A watan Satumbar 2023 aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu a Sabon Gida da ke Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. A irin wannan yanayi, tsohon da aka ce ya dawo asibiti duk wata, da ɗan rakiya da kuɗin mota da na kwana, sau ɗaya ko biyu zai iya. Matashin da ke gidan shi ke biyan kuɗin, da aljihunsa ko da karatunsa, domin shi ne ɗan jagora.

Siyasar aikin ido kyauta

Aikin ido kyauta na daga cikin ayyukan da 'yan siyasa da masu hannu da shuni suka fi so a Arewa, kuma dalilin a bayyane yake. Aikin yana na ɗaukar mintuna, washegari a cire bandeji mutum ya ga 'ya'yansa, a ɗauki hoto. Alheri ne na gaske, kuma tunda yana ce kan gaba wajen makantarwa, babu mai hankalin da zai raina shi. Haka shirin Gwamnatin Tarayya na raba tabaran karatu miliyan biyar da aka yi wa laƙabi da Jigi Bola.

Amma sansanin kwana uku ba ya riƙe mai hawan jinin ido, wanda zai ɗiga magani har ƙarshen rayuwarsa. Ba ya riƙe mai ciwon makula ko mai suga. Waɗannan suna buƙatar asibitin da ke buɗe kullum, da rajista, da ma'aikacin da zai kira wanda bai dawo ba. Babu bikin buɗewa a cikin wannan, shi ya sa yake shan kaye a rabon kuɗi. Najeriya ta karɓi baƙuncin taron Abuja na 2001 inda ƙasashen Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, amma kasafin tarayya bai taɓa kaiwa nan ba. Ƙasar tana da manufar lafiyar ido ta ƙasa tun 2019, ta kuma yi dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta wajabta inshora ga kowa. A farkon 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a Zamfara. Takardu da shelar sun samu. Abin aunawa shi ne ko tsohuwar da ke Bunguɗu za ta iya samun a auna mata nauyin ido ba tare da ta kwana a hanya ba.

Jini, amana da doka

Idan gibin bayanai ne matsalar, maganinsa shi ne a shigar da mutanen Arewa cikin binciken gado. Amma wannan yanki yana da tarihin da ya sa ba a miƙa hannu da sauƙi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya haɗa yara 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya sasanta da Gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. A 2003 Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da rigakafin shan inna saboda zargi da rashin yarda. A baya-bayan nan kuma, kamfanin 54gene da aka kafa a 2019 don tattara bayanan gadon 'yan Najeriya ya durƙushe a 2023, abin da ya tayar da tambaya kan makomar samfuran jama'a idan mai riƙe da su ya faɗi.

Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta sanya bayanan gado cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Wannan mafari ne. Duk binciken da zai zo Zamfara ya kamata a yi bayaninsa da Hausa da Fulatanci, a faɗi inda jinin zai je da wanda zai riƙe shi, a sa likitocin jihar cikin masu jagoranci, a kuma duba idon kowane mai ba da samfuri a ba shi magani idan an ga ciwo. Kuma kada a wallafa sakamako ta sigar da za ta zama makami a hannun masu hura wutar ƙabilanci.

Abin da ya dace a nema

Jerin buƙatun ba mai tsawo ba ne, kuma babu gwajin gado a cikinsa. Na farko, aikin yana ya zama na kullum a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, domin shi ne zai rage masu zuwa wurin mai tsinke. Na biyu, na'urar auna nauyin ido da ƙaramar kyamarar ɗaukar hoton bayan ido a Tsafe da Bunguɗu, tare da horar da ma'aikatan jinya su ɗauki hoton su tura wa likita a Gusau ta waya. Hoto ɗaya yana nuna alamun hawan jinin ido da na suga da na makula a lokaci guda, kuma yana rage tafiyar da ba dole ba. Na uku, duk wanda aka samu da hawan jinin ido a gayyato 'ya'yansa da 'yan'uwansa a duba su, wanda shi ne amfani da ilimin gado mafi arha da ake da shi. Na huɗu, hukumar inshorar lafiya ta jihar ta bayyana a fili waɗanne magungunan ido take biya. Na biyar, sabon binciken makanta na jiha, domin na ƙasa ya kusa shekara ashirin kuma an tsara shi ne don ba da alƙaluman shiyya, ba na ƙaramar hukuma ba.

A 2021 ƙasashen duniya, har da Najeriya, suka amince a Babban Taron Lafiya na Duniya da ƙara yawan masu samun ingantaccen aikin yana da maki 30 cikin 100, da masu samun tabarau da maki 40, kafin 2030. Zaɓen 2027 shi ne na ƙarshe kafin wa'adin ya cika. Masu neman kujerun majalisar jiha da na tarayya daga Gusau da Tsafe da Bunguɗu za su zo da alkawarin aikin ido kyauta kamar yadda aka saba. Tambayar da ta dace matasa su yi musu ita ce nawa aka ware wa lafiyar ido a kasafin bana, nawa aka saki, kuma wane asibiti ne zai ci gaba da duba marasa lafiya bayan an naɗe rumfunan.